Ɗakin Magani Mai Ƙofa Ɗaya

Duk wanda ya ce muku Na'Allah magini mutum ne mai sauƙin kai, to bai taɓa zama da shi ba. Ni na zauna da shi. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, don haka tun muna yara bawana nake kiransa, shi kuwa ya ce mini Bara'atu mai bakin aska. Shi a Tambuwal ya tashi, ni aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Kebbe, kan hanyar Fakku. A ƙauyen nan ne ya kusa rasa ƙafarsa ta dama saboda ƙofa, kuma a kan idona aka yi komai.

Gini gadonsu ne. Kakansa da tubali da azara ya yi aiki, irin soron nan mai ɗaurin guga, wanda in ka shiga da rana tsaka sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Ubansa shi ya ga zuwan Nasara, ya gina musu bariki, ɗakuna zagayayyu masu jinka inda Di'o, Baturen mulki, kan sauka in ya fito rangadi. Na'Allah kuwa a zamanin siminti ya buɗe ido. Bayan yaƙin Bama, da aka shiga gina kotuna da rumfunan kasuwa da ɗakunan magani a ƙasarmu, sai aka riƙa nemansa. Tun ranar da hannunsa ya taɓa siminti ya raina ƙasa. In ya zo gidana sai ya ƙwanƙwasa katangata da yatsa, ya yamutsa fuska.

"Wagga ba katanga ba ta," in ji shi. "Tuwo na anka tsaida."

Ni kuwa in ce masa ya fita daga inuwar tuwon, ya je ya tsaya a rana.

To, sai ga labari za a gina mana ɗakin magani, kuma Na'Allah aka ba aikin. Mota ta kawo siminti da kwano har Tambuwal, daga nan raƙuma da jakuna suka ɗauko. Kwanon nan yana ƙugi a bayan raƙumi, raƙumin yana gudun abin da ke bayansa, ban taɓa ganin kayan gwamnati sun iso da sauri haka ba. Wani Bature mai kula da gine-gine ya zo ya zaga filin, ya miƙa wa Na'Allah zanen ginin, ya hau dokinsa ya tafi. Zane ne guda da ake binsa ko'ina: ɗaki ɗaya mai bangon dutse da siminti, rufin kwano, baranda a gaba, dakalin siminti a barandar don masu jira, taga ƙarama can sama a gefe da sandunan ƙarfe. Sai ƙofa ɗaya, tana kallon dakalin.

Da aka ja layin harsashi, maigarinmu Maccido ya zagaya ya dawo, ya sake zagayawa.

"Malam Na'Allah," ya ce, "na ga ta gaba. Ina ta baya?"

Tambaya ce ta mai hankali. A wajenmu babu gidan da ba shi da kafa a darnin baya. Ta nan mace ke leƙa maƙwabciya, ta nan akuya ke fita, ta nan kuma namiji ke sulalewa in ya ji sallamar wanda bai kamata su haɗa ido ba. Amma bawana ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ginin gwamnati ba gidan awaki ba na! In kun ga ƙofa ta biyu ga ginin ga, ku ɗaura mani zane, ku aza mani tulu, in tafi rafi da mata."

Na ce masa ina da zane na ajiye, ina da tulu. Aka yi dariya aka watse.

Gaskiya dai gini ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bango ya tashi a miƙe kamar an ja shi da zare. Sandunan taga ya matse su yadda ko mage ba za ta ratsa ba, yana ta cika baki da hakan. A ciki ya haƙa ma'ajin magani cikin bango, ya zuba wani kwatarnin siminti a ƙasa don wankin miki, ya manne shi yadda sai dai a rushe ɗakin a ɗauke shi. Ranar da aka buga kwano na ƙarshe mutane sun taru suna kallo, sai ya ga tsani ya yi masa kaɗan, ya diro daga saman baranda don a san magini ne. Ya dira kuwa, a kan ƙusa. Ta shige tafin ƙafarsa ta dama har ta kusa leƙowa ta sama.

Bai yi ƙara ba. Ya yi murmushi, ya taka a hankali har bayan gidana inda ya sauka, sannan ya zauna ya zare ta, gumi na zuba. Kun san abin da ya sa wa ramin? Siminti! Ya ɗebi gari ya cusa, ya ɗaure da tsumma.

Na ce, "Kai, bawana, ka haukace?"

Ya ce, "Shi ka riƙe dutse, balle nama." Sannan ya kama hannuna ya sa ni rantsuwa cewa maganar ba za ta fita daga bakina ta shiga gidan surukansa ba. Magini ya taka ƙusarsa a ginin da ya yi, gaban garin matarsa? Ya ce gara ya mutu.

Ga inda gizo... a'a, bari in faɗa muku a fili, don ku gane. Matar Na'Allah, Ni'imatu, ɗiyar ƙauyenmu ce, tana can ɗakinta a Tambuwal. Uwarta ita ce Dada, tsohuwa 'yar firit mai kaɗin auduga. Allah ya ba Dada ɗiya mata da yawa, ɗiyan 'yan'uwanta ma ita ta riƙe ta aurar, har ya zama in ka jefa tsakuwa cikin mazan ƙauyen nan, da wuya ta faɗa kan wanda ba surukinta ba. Kuma kun san tsakanin namiji da uwar matarsa. Ba ya cin abinci a gabanta, ba ya haɗa ido da ita. In ya hango ta a hanya ya ratse daji, in abin ya zo da ƙarar kwana suka yi kiciɓis, ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye. Na Na'Allah ya fi na kowa tsanani, don Ni'imatu 'yar fari ce. Dada ba ta kama sunan ɗiyar, balle na mijin. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "mutumin Tambuwal".

Ranar buɗe ɗakin magani aka yi kiɗa, Maccido ya sa babbar riga, aka kawo mana malamin asibiti. Sunansa Malam Lauwali, wani siriri mai farar riga da keke, wanda in ya ce maka "doka ce" sai ka ga fuskarsa ta yi haske kamar an ba shi nama. A Kebbe yake kwana. Da hantsi ya iso ya buɗe, da azahar ya kulle ya sa mabuɗi a aljihu ya koma. Na'Allah ya tsaya can gefe cikin taron, yana ɗingishi a ɓoye, ya dogara da bango kamar mai duba aikinsa. Mata suna can nesa ƙarƙashin tsamiya, Dada a cikinsu.

Washegari na ce masa ya tashi mu je a duba ƙafar, tunda ga magani ya zo har gida. Muka fito, yana takawa da dunduniya. Muna shan kwanar rumbun maigari sai ya ƙame, ya ja da baya, ya lafe a jikin rumbu. Na leƙa. Ga Dada zaune daram a kan dakalin siminti, dab da bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu, ga kwandon audugarta, ga mazari yana juyawa, ga wani ƙaton mayafi a kafaɗa.

Na ce, "To mi? Ka gaishe ta ka wuce."

Ya ce, "In durƙusa da wace ƙafa? In tsallake ƙafafunta in shiga? Kuma ƙofar a buɗe taka zama don haske, in naɗe wando tana kallo? Bari ta tashi."

Ba ta tashi ba. Daga hantsi zuwa azahar babu sallar da za ta tashe ta. Sai da Malam Lauwali ya kulle ya hau kekensa sannan ta tattara audugarta. Washegari ta riga shi zuwa. Jibi ma haka. Na je na gaishe ta, na ce, "Dada, lafiya kika zama nan kullum? Ko jikin na?"

Ta ce, "Lafiya lau. Sanyin siminti ni ka ji."

Kai, jama'a! Ku zo ku ga yadda tsohuwa ɗaya ta kulle ɗakin maganin gwamnati ba tare da mabuɗi ba. Mata suna shiga suna fita abinsu, amma maza sai a hankali. Bube, mijin ɗiyarta ta uku, ya zo da haƙori, kumatunsa ya kumbura kamar ya ɓoye goriba. Ya yi sauri bai duba ba, sai ga shi gabanta. Ya zube ƙasa, ya gaishe ta da rabin baki, ta ce masa lafiya, ya ce akuyarsa ce ta ɓace ya biyo sawu. Ta ce ba ta ga akuya ba. Ya yi godiya ya koma da haƙorinsa. Ɗangiwa kuwa, shi ma surukinta, ciki ne ya murɗe shi, ya hango mayafin daga nesa, ya yi kwana ya faɗa gonar dawa, kuma a yadda ya shiga gonar nan ban ce don kunya kaɗai ba ne. Malam Lauwali ya fara tambaya ko mazan garin nan ba sa ciwo.

Na yi dabaru iyakar iyawata. Na ce wa Dada ana suna a Fakku, gidan ƙanwarta, ta ce a gaishe su. Na ce shaho ya sauka kan 'yan tsakinta, ta ce rabonsa ne. Na ce awaki sun shiga rumbunta, ta ce su ci su bar mata saura. Kai tsaye kuwa ba dama in faɗa, na riga na rantse. Kuma wa zai iya cewa tsohuwa ta tashi daga dakalin gwamnati? Maccido kansa ɗiyar ƙaninta yake aure.

Na tare Malam Lauwali a hanya na roƙe shi ya biyo gidana da maganin. Ya sauka daga keke, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce magani ba ya tsallake dokin ƙofa. An taɓa korar wani malami a wani gari saboda haka, shi kuwa yana da iyali. Ban da wannan ma, irin ciwon da na kwatanta sai an jiƙa ƙafar a kwatarnin wanki, an tsaga, an yi allura. Na ce to ya ɗauko kwatarnin. Ya ce in tambayi wanda ya manne shi.

Na koma na ce wa bawana ga shawara: ya ɗaura zanena ya yi lulluɓi ya shiga cikin mata. Ya ce in na sake faɗa zai rushe mini katanga da ƙafar hagu.

Ƙafa fa ta ƙi. Ta kumbura ta yi sulɓi, yatsun sun rarrabu kamar sun yi faɗa, wari ya fara tashi. Sai ya tuna da taga. Tana gefen da Dada ba ta gani, in ya zura ƙafar ta ciki, ai ta shiga ɗakin magani ke nan, doka ba ta karye ba. Amma tagar tana can sama, shi ya sa ta can. Muka aro jakin Bube, muka tsai da shi jikin bango, Na'Allah ya kwanta rigingine a bayansa, Bube ya tallafe kansa, ni na riƙe akala, ya ɗaga ƙafa sama yana lalube. Babban yatsa kaɗai ya shiga tsakanin sandunan. Ya tura, ya juya, ya cije leɓe, ina! Na ce masa, "Ko mage ba ta ratsawa, in ji wani." A daidai nan jakin ya hango jaka a bakin rijiya ya tuna da nasa uzurin. Na'Allah ya sauko da bayansa, tim, kuma ko a nan bai yi ƙara ba, don surukarsa tana bayan kusurwa.

Malam Lauwali dai ya hau kujera ya leƙo ta tagar, ya ga ƙafar a ƙasa. Da na ga fuskarsa dariyata ta tsaya. Ya nuna wani jan layi da ya taso daga idon sawu ya doshi gwiwa.

"Malam Na'Allah," ya ce a hankali, "kana ganin wancan? In ya wuce gwiwa ya kama cinya, ba aikina ba ne kuma. Sai Sakkwato, kuma can zarto za su sa."

Muka kwashe shi muka mai da gida. Zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar sanyi da rana tsaka. Na zauna na dube shi, mutumin da ke tafiya a kan bango kamar ƙadangare, ga shi ko bayan gida sai an riƙe shi. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ni in tsoro ya kama ni masifa nake yi. Na ce masa magini mai ƙafa ɗaya ban taɓa ganinsa ba. Na ce Ni'imatu da 'ya'yanta siminti za su ci? Na ce ya zaɓa, ko bakinsa ko ƙafarsa, ɗaya dai sai ta tafi. Ya juya fuska ga katangata, wadda ya ce tuwo ce.

Can ya ce, "Bara'atu. Aiko a kawo mani diga."

Ban san yadda labari ya zaga ba. Da hantsi muka ɗauko shi a kan jaki muka zagayo ta gonar dawa zuwa bayan ginin, sai muka tarar da maza tsaye, kowa da abin da ya samu: diga, gatari, guduma, har da mai taɓarya. Ga Bube da kumatunsa, ga Ɗangiwa ya rame, ga wasu da ban san suna ciwo ba. Duk surukan Dada ne. Ba wanda ya yi wa wani magana, ba wanda ya dubi wani. Na tsaya ƙarƙashin taga na gaya wa Malam Lauwali abin da za a yi. Ya yi tsuru, ya ce ginin gwamnati ne fa. Sannan ya juya kujerarsa ta kalli ƙofar gaba, ya ce shi dai an ce ya tsare magani, ba a ce ya tsare bango ba, kuma ba shi da ido a ƙeya.

Aka kafa wa Na'Allah turmi a kife ya zauna. Kuna tsammani zai ce a fasa kawai? Mutum yana rawar zazzaɓi, sai da ya sa aka riƙe masa igiyar awo, ya zana ƙofar da gawayi, ya goge, ya sake zanawa don ta karkace da faɗin yatsa. Sannan aka fara duka. Bango ya ce bai san zancen ba. Gatarin Ɗangiwa ya dakushe, taɓarya ta tsage, diga tana tashi da wuta. Na'Allah ya karɓa ya yi nasa daga zaune, ya yi ya yi, gumi ya jiƙe shi, sai ya jefar da digar.

"Wane marar imani ya zuba siminti haka?" in ji shi.

Kowa ya dubi ƙasa. Ni kaɗai na buɗe baki, sai na ga idanunsa, na rufe.

Sai da aka kwana aka wuni ana abu ɗaya kafin haske ya ratsa. Da ramin ya isa mutum, aka cusa shi ciki. Malam Lauwali ya tura ƙofar gaba ya ce wa Dada iska ce ke damunsa, don yanzu ga haske ta baya. Ya jiƙa ƙafar a kwatarnin nan, ya tsaga, ya ƙwaƙulo simintin da ya daskare a ciki yana salati. Da ya ɗauko ruwan maganin nan mai kama da jan shayi, wanda ke sa ƙato ya kira uwarsa, na ɗauki cokalin ginin Na'Allah na cusa masa ƙotar a baki. Ya cije. Abin da ya fito ta hancinsa wani siririn kuka ne mai rawa, ba na mutum ba. Haka aka riƙa yi kullum.

Jan layin ya tsaya ƙasa da gwiwa, ya yi kamar yana shawara, sannan ya fara komawa. Ranar da na ga haka na je gida na ɗauko zanen da tulun. Zanen na rataya a sabuwar ƙofa ya zama labule, tulun na girke a gefe don ruwan wanki. Na ce masa na yafe masa zuwa rafi, don bawa mai ɗingishi fasa mini tulu zai yi. Shi kuma da ya ji dama-dama ya sa aka kawo siminti, ya gyara gefen ƙofar daga zaune, har ta fi ta gaba kyau. Baturen gine-gine ya biyo a rangadi cikin kwanakin nan, hankalin kowa ya tashi. Ya tsaya a gaba, ya dubi zane, ya dubi gini, ya ɗaga wa Dada hula, ya ce aiki ya yi daidai. Malam Lauwali ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta da farar rigarsa. Ta baya kuwa akwai taɓo, Baturen bai zagaya ba.

Dada tana nan a dakalinta, ba wanda ya gaya mata komai. Mu duk mun ɗauka ta samu wurin hutawa ne, har mun daina kula ta.

Wata rana na dama fura na kai mata. Na tarar mazarin yana kwance a ƙasa, audugar ba a taɓa ba. Ta rame, idanunta sun faɗa. Na ajiye ƙwarya, ta ƙi duba ta. Ta murza bakin mayafinta ta yi magana, kuma ba ni take kallo ba.

"Bara'atu, in anka yanke ma mutum ƙafa, shina iya hawan gini?"

Na ce, "Wane mutum, Dada?"

"Ran da anka buɗe ɗakin ga," ta ce, "na ga mutumin Tambuwal ya jingina ga bango. Da ya tashi na ga jini inda ya taka. Ba ni iya tambaya, kin sani. Wa zan tambaya, in ce wa? Sai na ce bari in zamna nan, in ya zo shan magani in gani da idona, hankalina shi kwanta. Ga mayafi na zo da shi, in ya taho in rufe fuska in juya ga bango shi wuce. Kullum ina dubin hanya. Kowa ya zo, shi bai zo ba." Ta nuna bangon da haɓa. "Har na ji shi baya shina dukan dutse, da ƙafar nan. Aikin gwamnati ya fi mai ransa. Malamin ga ko, akuya ma shina yi ma magani, kullum ina jin kukanta, amma uban jikokina an bar shi shi ruɓe."

Wallahi ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun. Rantsuwa na yi ba zan faɗa ba, amma ban rantse ba zan nuna ba. Na kama hannunta na tashe ta. Da ƙyar ta miƙe, tana cije baki. Na ja ta a hankali muka bi gefen bango, muka wuce ƙarƙashin taga, muka leƙa baya.

Ga surukanta a jere a inuwa, kowa da ciwonsa a buɗe, wani ya naɗe wando, wani ya tuɓe riga. Bube ne ya fara ganinta. Ban taɓa ganin marasa lafiya sun warke lokaci ɗaya haka ba. Kafin ka ce me, babu kowa sai takalma, dawa kaɗai ke motsi. A daidai nan aka ɗaga zanena, Na'Allah ya fito, ƙafa naɗe da farin bandeji, yana dogara sanda, cokalin gini a hannu da sawun haƙora a ƙotarsa. Shi ba ya iya gudu. Ya tsaya, ya dube ni kamar zai cinye ni, sannan ya saki sandar. Ya tuɓe takalminsa ɗaya. A hankali ya lanƙwasa gwiwa, ya sauka, ya sauka, har ya durƙusa ƙasa a kan ƙafafunsa biyu, ta dama ta ɗauke shi.

Dada ta ga wannan. Sai ta ja mayafin nan da ta daɗe tana ɗauka, ta rufe fuska, ta juya ga bango. Ta ɗora tafin hannunta a kan simintin, ta yi magana da shi.

"Ginin ga ya yi kyau," ta ce. "Allah shi ƙara mai ƙarfi. Allah shi tsare shi, shi daɗe tsaye."

Na'Allah ya amsa wa ƙasa, "Amin." Na ga ƙasar ta jiƙe a gabansa, ɗigo biyu, ban kuwa tsokane shi ba, ko a ranar ko bayanta.

Muka koma gaba. Dada ta tattara auduga da mazari cikin kwando, ta ɗauki ƙwaryar furar nan ta shanye tas a tsaye. Na ce mata ta zauna ta huta tukuna, ga dakalinta mai sanyi. Ta harari dakalin.

"Allah shi kiyaye," ta ce. "Abin ga ya kashe mani ƙugu tun ranar farko. Kama ni, ɗiyata, kai ni gida."

Na riƙe ta muka kama hanya, tana jan ƙafa, hannunta a kan ƙugu. Nauyinta duka a kafaɗata yake, bai kuwa fi na kwandon audugar ba.